Kafin a ce itatuwa sun ƙare, wa ya ƙirga?

 

Duk wanda ya taɓa shiga muhawara ko ya rubuta insha'i a kan muhalli ya haddace maganar nan: hamada na kwararowa, jama'a na sare itatuwa, mafita ita ce a yi dashe. Akwai gaskiya a cikinta. Sai dai a jami'a, idan ka faɗi magana irin wannan, malami ba zai tafa maka ba. Tambayarka zai yi: a ina? Tun yaushe? Itatuwa nawa ne a da, nawa suka rage, kuma wa ya ƙirga? Neman amsar waɗannan tambayoyi shi ake kira bincike. Yau zan ba ku labarin wasu masu bincike da suka ɗauki wahalar ƙirgawa a nan ƙasar Hausa, da abin mamakin da suka tarar.

Abin da aka gano a karkarar Kano

Bayan babban farin da ya yi tsanani a 1973, masana da dama a duniya sun yi hasashen cewa manyan biranen yankinmu za su cinye itatuwan da ke kewaye da su. Lissafin nasu mai sauƙi ne: mutane na ƙaruwa, kowane gida na hura wuta da icce, don haka fili zai yi ta zama fayau daga bakin gari zuwa nesa. Kano ce misalin da ya fi kama hankali, saboda ƙauyukan da ke zagaye da ita na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma.

A lokacin akwai wani malamin labarin ƙasa ɗan Ingila mai suna Michael Mortimore. Ya fara koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da J. A. Falola da Reginald Cline-Cole, suka ce bari a duba. Suka samo hotunan da jirgin sama ya ɗauka na karkarar Kano a shekaru daban-daban, suka ƙirga itatuwan da ke ciki. Suka shiga gonaki da ƙafa suna aunawa. Suka bi sawun itacen girki tun daga murhu har inda aka saro shi, suna tambayar masu sayarwa da masu saye. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon a littafi a 1990.

Sakamakon ya saɓa wa hasashen. A gonakin da ke kusa da birni, inda mutane suka fi yawa, itatuwa ba su ƙare ba. Manoma na riƙe da su, a wasu wuraren ma sun fi na nesa yawa. Dalili kuwa shi ne kowace bishiya a gona tana da mai ita. Kuka na ba da miya, ɗorawa na ba da kalwar daddawa, tsamiya na shiga kunu, ana kai su kasuwa, har gadonsu ake yi. Idan ana bukatar icce sai a rage rassa, a bar uwar tana tsaye. Itacen da manyan motoci ke shigowa da shi birni kuwa, daga dazuzzuka masu nisa yake fitowa, inda ba wanda zai tare ka ya ce wannan tawa ce.

Ku lura da abin da binciken ya yi. Bai ce babu matsala ba. Ya nuna inda matsalar take. Da an bi hasashen farko, da manomin bakin gari za a yi ta tsangwama, alhali ɓarnar na can dajin da ba mai tsaronsa.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Yanzu mu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wajen 'yan'uwanmu. A farkon shekarun 1980 gonaki da yawa a can sun zama fili fetal. Al'adar sassabe ita ce kafin damina a share duk wani toho, a tara a ƙona, a bar gona tas. Ga kuma dokar da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, wadda ta mai da itatuwa mallakar hukuma. Manomi na iya shan tara a hannun malaman daji idan ya sare bishiyar da ke cikin gonarsa. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Gara ya kawar da ita tun tana ƙarama.

Ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi masu yawa wajen rainon irin dashe, amma mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba. Rana ta ƙona wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta gama da sauran. Cikin masu wannan aiki akwai wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo. A 1983, yana kan hanya da irin dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya don ya samu ratsa yashi. Nan ya ƙura wa wani ɗan tsiro ido, irin waɗanda kowa ke ɗauka ciyayi ne marasa amfani. Da ya duba ganyen sai ya gane bishiya ce da aka sare tun tuni, kututturenta na raye yana ta toho. Ya waiga ya ga irinsa birjik a ko'ina.

Ga sirrin. Ɗan dashen da aka ciro daga leda saiwarsa ba ta wuce tsawon yatsa ko taki ɗaya ba, dole a yi ta ba shi ruwa. Kututturen kalgo ko sabara kuwa saiwarsa ta yi shekaru tana nutsawa, ta riga ta kai ga danshi, kuma tana da abinci a ajiye. Abin da yake bukata kawai shi ne a daina sare masa toho duk shekara. Sai manomi ya zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya rage ƙananan rassan gefe, ya tsare shi daga dabbobi da wuta. Cikin 'yan shekaru ya zama bishiya. A Nijar ana kiran wannan dabara sassabin zamani. Ba ta bukatar leda ko bokitin ban-ruwa. Lauje ko adda mai kaifi ta wadatar.

Da farko manoma sun yi ta dariya, don a wurinsu gona mai itatuwa gonar malalaci ce. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, mutane da yawa suka gwada. Da rabon ya ƙare, da dama suka koma suka sare. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci: iska ta rage binne musu shuka da yashi, ga kirare a kusa, ga ganyen dabbobi. Gani ya kori ji, maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. A yankin Damagaram ma manoma da yawa sun kama hanyar da kansu, ba tare da wata ƙungiya ta zo ba. Sannu a hankali hukuma ta sassauta, dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi iko a kan itatuwan gonarsa.

Shekara ashirin ba wanda ya san girman abin

Nan ne masu bincike suka shigo. Wannan gagarumin sauyi ya yi kusan shekara ashirin yana gudana, amma rahotanni na ci gaba da cewa Nijar na rasa itatuwa, saboda masu lissafi gandun daji suke dubawa, ba sa ƙirga na cikin gona. Daga wajen 2004 wasu masana suka haɗa hannu: Mahamane Larwanou, masanin gandun daji ɗan Nijar, da Chris Reij na wata jami'a a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka. Suka ajiye hotunan sama na 1975 gefe guda, na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000 gefe guda. A ƙauyuka irin su Galma, hoton da ya tsufa kusan fili ne, sabon kuwa cike yake da ɗigo-ɗigon itatuwa, alhali mutanen garin sun ƙaru. Ba su tsaya ga hoto ba, sai da suka je da kansu suka ƙirga, suka zauna da manoma maza da mata.

A Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai sun tarar da kimanin hekta miliyan 1 da ta farfaɗo. A faɗin kudancin Nijar kuwa ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Don ku gane girman abin, hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ya ɗara filin ƙwallo girma. Wani nazari na 2009 ya ƙiyasta cewa waɗannan gonaki na ba da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu.

Mai kaifin basira a cikinku zai ce: to ai ruwan sama ya ƙaru bayan shekarun fari, me ya sa ba za a ce damina ce ta dawo da itatuwan ba? Tambaya ce mai kyau, kuma masanan sun yi wa kansu ita. Hanyar amsa ta ita ce a kwatanta wurare biyu masu ruwa iri ɗaya da ƙasa iri ɗaya. Sai aka ga itatuwan sun fi yawa a gonakin da ake nomawa fiye da filayen da ba na kowa ba, alhali ruwa ɗaya ke sauka a kansu. A wasu sassan iyakar Nijar da Najeriya ma hotuna sun nuna ɓangaren Nijar ya fi duhun itatuwa, ga shi kuwa hadari ba ya tsayawa a shingen kwastan. Ke nan ruwa ya taimaka, amma hannun manomi da dokar da ta ba shi iko su ne suka raba. Wannan batu na iyaka ya kamata ya dame mu, mu da ke wannan ɓangaren.

Gawo, bishiya mai saɓa wa 'yan'uwanta

Bishiyar da ta fi yawa a gonakin Damagaram ita ce gawo, kuma duk ɗan ƙauye ya san halinsa. Lokacin da sauran itatuwa ke yin ganye da damina, shi zubar da nasa yake yi. Da rani, sa'ad da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar. Manoma sun daɗe da sanin cewa gero da dawa sun fi kyau a ƙarƙashinsa. Abin da bincike ya ƙara shi ne bayanin dalili. Tun da ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman abinci. A saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da ake saye da tsada a buhun takin yuriya. Da rani kuma dabbobi na taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Taki uku ke nan a gindin bishiya ɗaya.

Kun ga yadda ilimin kakanni da na jami'a ke haɗuwa. Tsoho ya san abin na aiki. Mai bincike ya auna yawan amfanin, ya gano dalili, ya rubuta yadda wanda ke wata ƙasa zai iya gwadawa. Idan mai bincike ya raina tsoho, zai yi shekaru yana neman abin da ke gabansa. Idan kuma ba a rubuta ba, ilimin na iya bin tsohon zuwa kabari.

Me ya sa ƙirga ke da muhimmanci?

Saboda da shi ake yanke shawarar inda kuɗi za su tafi. A 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, da nufin yin shingen itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Jihohi 11 na arewacin Najeriya na ciki. Burin shi ne farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka cimma a ainihin yankin shirin. Ku kwatanta da miliyan 5 ɗin manoman Nijar. Irin waɗannan alƙaluma na cikin abin da ya sa aka faɗaɗa tunanin shirin, daga jera dashe a layi zuwa tallafa wa mutane su raya abin da ke ƙasarsu.

Wannan ba ya nufin dashe aikin banza ne. Inda babu kututture mai rai, ko ana son mangwaro ko darbejiya a harabar makaranta, dole a dasa. Abin da ake cewa shi ne, ranar bikin dashe ba ita ce ranar auna nasara ba. A dawo bayan rani biyu a ga nawa suka rayu.

Kayan aikin ƙirga ma sun ci gaba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Kopenhagen ta ƙasar Denmak, tare da hukumar sararin samaniya ta Amurka, sun koya wa kwamfuta gane bishiya a hoton tauraron ɗan'adam. Ta ƙirga fiye da biliyan 1.8 a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel da ake ɗauka kusan babu komai a cikinsa. Amma kafin kwamfutar ta iya, sai da jagoran aikin, Martin Brandt, ya zauna ya zagaye itatuwa kusan 90,000 ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Kuma har yanzu hoto daga sama ba zai gaya maka wa ke da bishiyar ba, ko me ya sa aka bar ta, ko wa ke cin amfaninta. Wannan sai wanda ya je ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya yi tambaya da harshen mutanen.

Nan ne ku kuke da abin da baƙo ba shi da shi. Kun san bambancin marke da kanya, kun iya gaida dattijo. Ku kuma ƙannena mata, ku ne za ku iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga, ku ji daga bakin masu girki da masu sana'ar daddawa nawa ake kashewa a icce da gawayi, da irin nisan da ake tafiya neman kirare. Binciken da babu muryarsu rabin bincike ne. Kar ku manta kuma, ƙirgar da aka yi a karkarar Kano ta kusa shekara arba'in. Birni ya faɗaɗa, gonaki sun zama filoti, kasuwar gawayi ta bunƙasa. Amsar wancan lokaci ba za ta zama amsar yau ba, sai an sake aunawa.

Ku fara daga makarantarku

Ba sai kun shiga jami'a ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku nemi izinin malamin noma ko na labarin ƙasa, ku sayi littafin rubutu guda, ku aro awon tela.

Da farko ku ba kowace bishiya da ke harabar makaranta lamba, ku rubuta sunanta na Hausa. Wadda ba ku sani ba ku tambayi maigadi ko wani dattijo.

Sannan ku auna kaurinta. Masana na aunawa ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin babban mutum, don awon kowa ya zo ɗaya. Ku zagaya awon a jikinta, ku raba abin da kuka samu da 3.14. A ce kun sami santimita 157, to faɗin gangar jikinta santimita 50 ke nan. Ga amfanin lissafin da'irar da ake ta ƙorafi a kansa.

Tsawo kuma ba sai an hau ba. Ku kafa sanda mai mita 1, ku auna inuwarta, ku auna inuwar bishiyar a lokaci guda. Idan inuwar sanda mita 2 ce, ta bishiya mita 16, tsawon bishiyar mita 8 ne.

Idan an yi dashe bara, ku binciko nawa aka dasa, ku ƙirga masu rai. A ce an dasa 40, saura 12, to kashi 30 cikin 100 suka rayu. Ku nemi dalili: rashin ruwa ne, ko awaki, ko gara? Ku rubuta kwanan wata a kan komai, ku rubuta abin da kuka gani ko da bai yi muku daɗi ba. Idan za ku bar makaranta ku miƙa littafin ga 'yan ajin da ke bayanku. Bayan shekara biyar makarantarku na da bayanin da babu shi a ko'ina.

Masu zuwa gona da hutu kuma, ku nemi iznin Baba ya bar muku kututture biyu ko uku a gefen gona lokacin sassabe. Ku gyara su yadda na bayyana, da wuƙa mai kaifi don kada ɓawon ya yage, ku riƙa auna su duk wata. Idan ya ga amfani da idonsa, ba sai kun yi dogon bayani ba.

Wanda ke son ya mai da wannan sana'arsa, akwai fannonin labarin ƙasa, gandun daji da namun daji, kimiyyar ƙasar noma, ilimin tsirrai da kula da muhalli a jami'o'inmu. Jami'ar Bayero na da cibiya ta musamman ta nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, Jami'ar Ahmadu Bello na da cibiyar binciken noma a Samaru, a Maraɗi kuma akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ku riƙe lissafi da bayoloji da kemistiri da Ingilishi da kyau, ku duba kundin JAMB tun kuna aji huɗu don ku san darussan da kowane fanni ke nema, kada ranar cike fom ta zo ku tarar akwai wanda kuka yar.

Aikin wannan mako: kowa ya ƙirga itatuwan da ke tsakanin gidansu da makaranta, ya rubuta sunayensu, sannan ya tambayi wani dattijo waɗanne ne ake da su a da da babu su yanzu. Ku kai wa malaminku, ku kwatanta da na abokanku.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A yi karatu da kyau.